Yadda muka haɗa laburaren da ba ya buƙatar netwok a Gadarif

Sana'ata gyaran waya da kwamfuta, a wani ɗan shago cikin kasuwar Gadarif. Duk wanda ya yi wannan sana'a a Sudan ya san irin ƙofofin da aka rufe mana. Tun 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, ba a ɗage shi ba sai watan Oktoban 2017. A tsawon shekarun nan ashirin, sai ka shiga shafin wani kamfani za ka sauke manhaja, a ce maka ƙasarku ba ta cikin waɗanda aka yarje wa. Ko kana da niyyar biya ma, babu katin bankin da za ka biya da shi. Haka muka taso da manhajojin da aka fasa, daga wannan fulash zuwa wancan, da bairos ɗinsu da komai. Shi ya sa idan ɗaliban jami'a suka zo shago suna yabon Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, wai kyauta ce, maganar ba ta shiga kunnena. Mu da ba mu taɓa biyan ko sisi ba, me kyauta za ta ƙara mana?

Abin da ya sauya min tunani ya faru ne a farkon Fabrairun 2024, lokacin da layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk faɗin ƙasar. A lokacin Gadarif ta cika ta batse. Mutanen Khartum sun fara isowa tun bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023, sai na Madani suka biyo baya a watan Disamba. Azuzuwan makarantu sun koma ɗakunan kwana, karatu ya tsaya. Da netwok ya tafi, Bankak, manhajar banki ta waya, ta daina aiki, mutum da kuɗinsa a asusu amma ba shi da na sayen ful, dafaffen waken da ake ci a Sudan. Kowa da waya a hannu, ba ta tsinana komai sai haska hanya da dare.

A unguwarmu akwai wata ustaza da ta zo daga Madani, malamar kimiyya ce a sakandaren 'yan mata. Ita da kawuna, wanda ke cikin dattawan unguwa, suka kafa rumfa a bayan masallaci suna tara yara. Wata rana da yamma Kawu ya biyo ta shago ya ce, "Kai da kake ta'ammali da waɗannan na'urori, ba yadda za a yi a tara wa yaran nan littattafai wuri guda, su riƙa karantawa a wayoyin iyayensu ko babu netwok?" Na ce masa, "Kawu, akwai, amma sai netwok ya dawo kafin mu tanadi abin da zai raba mu da buƙatarsa."

Abin da nake nufi shi ne Kiwix. Manhaja ce da aka fara a 2007, ƙungiyar da ke kula da ita tana Suwizalan. Aikinta ɗaya ne: a dunƙule shafin intanet sukutum, kamar Wikipedia, a matse shi cikin fayil guda mai suna ZIM, sannan a buɗe shi a karanta, a yi bincike a ciki, ba tare da an haɗu da kowa a waje ba. Akwai wani ɓangare nata, kiwix-serve, da ke mai da kwamfuta ɗaya ta zama rumbu, duk wayar da ke kusa ta shiga ta waifai ta ɗiba.

Kwamfutar da na ware tsohuwar Lenovo ce ta zamanin Windows 7, ram ɗinta gigabait 4, batirinta ya daɗe da mutuwa. Na kwance ta, na fitar da fankar, na tarar ƙura ta dunƙule a bakin mashigar iska ta zama tabarma. Na share da tsohon buroshin haƙori, na goge busasshen man da ke kan furosesa na shafa sabo. Kafin nan idan ta yi minti kaɗan sai ta ɗau zafi ta mutu, bayan nan sai ƙarar fanka ƙasa-ƙasa.

Sai zaɓen babbar manhajar da za ta hau. Irin Linux suna da yawa, kowanne da masoyansa, kuma musu a kansu ba ya ƙarewa. Ni Debian na ɗauka, don dalili biyu da suka shafi halin da muke ciki. Tana da babban fayil na kusan gigabait 4 wanda ke ɗauke da yawancin abin da ake buƙata, har da LibreOffice, manhajar rubutu irin Word, ka ɗora ta daga farko har ƙarshe ba ta nemi intanet ba. Sannan daga Debian 12, wadda ta fito a watan Yunin 2023, an sa ƙananan manhajojin da katin waifai da sauran sassa ke buƙata a cikin fayil ɗin ɗorawa, abin da a da sai ka je ka nemo daban. Tun 1993 'yan sa-kai ke riƙe da Debian, ba ta da saurin canza kaya, kuma ni abin da nake nema ke nan: abin da zan kunna in juya baya.

Da netwok ya fara dawowa, rarrafe yake yi. Debian da kayan Kiwix na sauke su da tsakar dare, da umarnin wget -c, wanda idan layi ya yanke yake ci gaba daga inda ya tsaya maimakon ya koma farko. Amma manyan fayilolin sun fi ƙarfinmu. Wikipedia ta Larabci, wadda ta haura maƙala miliyan ɗaya tun 2019, idan da hotunanta ta wuce gigabait 10. Ta Turanci ta haura gigabait 100, ita ko kallonta ban yi ba. Sai na tura wa ɗan gwaggona da ke zaune a Jidda saƙon murya, na lissafa masa abin da zai sauke: Wikipedia ta Larabci mai hotuna, ta Hausa, tarin maƙalun lafiya na Larabci, ƙamus, da gwaje-gwajen kimiyya na PhET. Na ja masa kunne a kan abu guda, cewa ya tabbatar katin mimorin yana kan tsarin exFAT, domin tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4, sai ya yi ta ce maka babu wuri alhali katin wayam yake. Ya ce, "Yaya, a nan ai kafin in gama shan shayi sun sauka." Ya naɗe katin a takarda ya liƙe da salatif, ya ba wata hajiya 'yar unguwarmu da ke dawowa daga umara. Ta hau jirgin ruwa zuwa Sawakin, daga nan mota ta bi da ita ta Kasala har gida, katin yana ƙulle a bakin mayafinta.

Kafin in yi murna sai da na gwada su. Kowane fayil yana da wata doguwar lamba da masu shi suka wallafa, haruffa da alƙaluma 64. Ka sa kwamfutarka ta lissafa tata da umarnin sha256sum, idan ta yi daidai da tasu, to ko ɗigo bai ɓace a hanya ba. Duka suka yi daidai. Wannan ɗabi'a ta burge ni ƙwarai. Shekara da shekaru ina ɗora wa mutane manhajar da ban san hannu nawa ta bi ba, ban san abin da aka cusa mata ba, sai ga mutanen da ke ba ka kaya su kuma ba ka ma'aunin da za ka gwada su da shi.

Ɗora Debian ba ta da wani labari. Na rubuta ta a fulash, na shiga saitin farko na kwamfutar na ce ta tashi daga fulash, na zaɓi fuskar Xfce saboda ba ta da nauyi, na ƙara madannan Larabci da na Hausa. Eh, akwai tsarin madannai na Hausa a ciki tun asali, da ƙ da ɗ da ɓ, ba sai ka nemo ba.

Inda aikin yake shi ne bayan nan. Na samo tsohuwar rauta, na haɗa ta da kwamfutar da waya, na ba kwamfutar adireshin da ba ya canzawa, na buɗe tagar umarni na rubuta kiwix-serve --port=8080 da sunayen fayilolin. Na ɗauki wayata na shiga waifai ɗin, na buga adireshin a burauza, sai ga jerin littattafan sun fito. Na rubuta "Sinnar" a wurin bincike, maƙala ta buɗe da hotunanta, alhali ko layi babu a wayar. Na daɗe ina kallon allon.

Matsaloli uku suka biyo baya, kuma duk wanda zai yi irin wannan aiki zai gamu da su. Da an rufe murfin kwamfutar sai ta yi barci, laburare ya ɗauke. Maganin yana cikin wani fayil mai suna logind.conf, layi ɗaya ne za ka gyara ka ce mata ta yi biris da murfi. Sai kuma tashi: wuta ta ɗauke ta dawo, dole kiwix-serve ya tashi da kansa, don ba kullum nake wurin ba. Wannan ma ɗan fayil ne na layuka kaɗan da ake rubuta wa systemd, mai kula da abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta. Abin da na lura da shi a nan, komai na tsarin rubutu ne a fili. Ka buɗe, ka karanta, ka gyara, in bai yi ba ka mayar yadda yake.

Ta ukun ta fi ba ni wahala, don ba a kwamfutar take ba. Wayoyin zamani idan suka shiga waifai suka ga babu intanet a bayansa, sai su yi gargaɗi, wasu ma su sulale su fita da kansu. Dole ka nuna wa kowa inda zai danna ya ce a zauna a haka, ya kuma kashe datar layinsa. Ga kuma buga adireshi. Yaro zai buga alƙaluman da madannan Larabci, ko ya sa waƙafi a wurin ɗigo, ya dawo ya ce, "Ustaz, ya lalace." Sai na yi amfani da wata ƙaramar manhaja, qrencode, na mai da adireshin hoton nan mai ɗigo-ɗigo da kyamara ke karantawa. Na buga a takarda, na sa a leda, na ɗaure a ginshiƙin rumfa. Daga ranar ƙorafin ya ragu sosai.

Wuta kuwa, Kawu ya tara gudummawa aka sayi faifan sola ɗaya da batirin mota. Rautar da ma bolt 12 take ci, sai na haɗa ta kai tsaye da batir. Kwamfutar na samo mata cajar mota, don in kauce wa inbata, wadda ita kanta tana shan wuta ko ba a aiki. Na rage hasken allon har ƙasa. Aka sa komai a akwatin katako mai ramuka a gefe, aka ɗora kan bulo saboda damina, don wanda ya san baƙar laka ta Gadarif ya san ba a ajiye abu a ƙasa.

Ranar da aka fara, Ustaza ta buɗe PhET. Gwaje-gwajen kimiyya ne da ake yi a allo, daga Jami'ar Kolorado a Amurka, wanda Carl Wieman, mai lambar Nobel a fiziya, ya assasa a 2002, kuma an fassara su zuwa Larabci. Akwai wanda ake haɗa batir da waya da ƙwan fitila. 'Yan mata huɗu suka dunƙule kan waya ɗaya mai fasasshen gilashi. Ɗaya ta ja waya da yatsa daga wannan kan batir zuwa wancan ba ta bi ta ƙwan ba, sai batirin ya kama da wuta a allo. Suka yi ihu suka ja baya, sannan suka fashe da dariya. Ustaza ta ce, "To, ku gaya min me ya sa." Aka yi ta gardama har aka kira la'asar. Yaran nan sun kusa shekara ba su zauna a aji ba.

Bayan 'yan kwanaki Malam, limamin masallacin kuma mai khalwar unguwa, wato makarantar allo, ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ɗana, an ce ka kwaso littattafan mutane dubbai ka zuba a akwati. Da izinin masu su?" Tambayar ta yi min daɗi, don a duk shekarun da na yi ina ɗora fasassun manhajoji ba wanda ya taɓa yi min ita. Na ce, "Allah gafarta Malam, da izininsu, kuma a rubuce." Na ba shi labarin Richard Stallman, wanda ya fara aikin GNU na gina manhajar da kowa ke da 'yanci a kanta a 1983, ya kuma rubuta lasisin GPL a 1989. Lasisin ya ce ka yi amfani da manhajar yadda ka so, ka duba yadda aka gina ta, ka kwafa ka ba wani, ka gyara ka raba gyaran. Sharaɗin kawai, in ka raba, to ka bar wa na gaba irin 'yancin da aka bar maka. A kan wannan lasisi Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki da ya fara Linux a 1991, ya saki aikinsa, Kiwix ma haka. Rubutun Wikipedia kuma yana ƙarƙashin wani lasisi mai kama da shi, ka kwafa, ka faɗi inda ka samo, ka bar shi a buɗe. Malam ya yi shiru, sannan ya nuna tulunan sabil da ke ƙofar masallaci ya ce, "Kamar waɗancan ke nan. Kowa ya sha, amma ba mai ɗauke tulun ya kai ɗakinsa." Ya sa albarka, ya ce a bar almajiransa manya su riƙa zuwa bayan isha.

Maƙwabcina a kasuwa, wanda muka koyi sana'a tare, bai yarda da ni ba har yau. Cewa yake, "Abokina, wa zai kawo maka kwamfuta ya ce ka sa masa abin da bai taɓa gani ba? Mutane Word suka sani." Yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma ba na ɓoyewa. Yawancin manhajojin da muke yi wa waya filashin da su a Windows kaɗai suke tafiya, ni ma ina da kwamfutar da na bar wa wannan aiki. Takardar da aka tsara a Word wani lokaci tana buɗewa a LibreOffice da layuka a karkace, musamman in an gauraya Larabci da Turanci. Kuma idan abu ya lalace babu ofishin da za ka je, sai dai ka karanta, ka tambayi waɗanda suka riga ka, yawanci da Turanci. Wannan nauyi ne na gaske, kuma a kan mutum ɗaya yake sauka a unguwa.

Inda muka rabu da shi, shi yana auna abin da kuɗi ne, ni kuma na ga wani abu daban a watan Fabrairun nan. Yawancin abin da ke cikin wayoyinmu sai sun gaisa da wata kwamfuta a wata ƙasa kafin su yi aiki. Ranar da hanya ta yanke, ko aka ce ƙasarku ba ta cikin lissafi, shi ke nan. Akwatin da ke rumfarmu ba ya neman izinin kowa kafin ya tashi, ba ya tambayar daga wace ƙasa kake, ba ranar da zai ce wa'adinka ya cika. Kuma in na kwafa wa wani ban yi sata ba. Ga wanda ya rayu a ƙarƙashin takunkumi sannan ya ga yaƙi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da kwalara ta ɓulla a daminar 2024, mata suka fi kowa zuwa. Abin da suka fi nema shi ne haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ustaza ta kwafe shi da babban rubutu ta manna a jikin akwatin, ta ƙara a ƙasa cewa wannan na kafin a isa asibiti ne, kada a zauna a gida.

Akwai kuma abin da akwatin bai iya ba mu ba. Wikipedia ba manhajar karatun Sudan ba ce. Ɗaliban da ke shirin jarrabawar shahada ta kammala sakandare, wadda aka ɗage har sai ƙarshen Disambar 2024, littattafan aji suke so, waɗanda cibiyar Bakht al-Ruda ke tsarawa. Waɗannan sai da muka bi malamai ɗaya bayan ɗaya, kowa ya turo abin da ke cikin wayarsa, na jera su aji-aji a wata folda na buɗe mata tata ƙofar a kwamfutar. Wasu hotunan shafuka ne da aka ɗauka a karkace, da inuwar hannun mai ɗauka a kai. Su aka fi buɗewa.

Wikipedia ta Hausa kuwa ta taɓa ni ta wata fuska. Yaranmu da Hausa suke magana a gida, amma da Larabci suka yi karatu, dattawa kuma ajami suka sani. Da yawa ranar suka fara ganin harshensu a rubutun boko. Sai ka ga yaro yana haɗa baƙi da ƙyar, can ya gane kalmar, ya ɗago kai yana murmushi. Kawu ya sa aka nemo masa Sarkin Musulmi Attahiru da yaƙin Burmi na 1903, aka karanta masa. Ya ce a nemo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, wanda ya ja jama'a gabas har suka kafa Maiurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Abin da muka samu game da zaman Hausawa a Sudan bai taka kara ya karya ba. Kawu ya ce, "To ai mu ne ba mu rubuta ba." Tun daga nan 'yar yayata, wadda ta fi kowa saurin koyon madannan Hausa, take zama da shi bayan magariba, yana faɗa tana bugawa a LibreOffice. Na gaya musu Wikipedia ba ta karɓar labarin baka sai da madogara a rubuce, don haka nasu yana cikin foldarmu tukuna, kusa da littattafan aji. Ita ce kuma na koya wa yadda ake duba ko kiwix-serve yana tafiya, da yadda ake tayar da shi in ya tsaya, don kada komai ya rataya a wuyana.

Da mutanen Madani suka fara komawa gida a farkon 2025, Ustaza ta zo shago da wata tsohuwar kwamfuta da ƙaninta ya ba ta. Na ɗora mata Debian daga fulash ɗin nan dai, na kwafe fayilolin duka, na rubuta mata matakan a takarda da Larabci, har da maganar murfi da ta kashe data. Rauta da batir ta ce za ta nema a can. Wasu kuma ba sa buƙatar wannan duka: akwai Kiwix ta waya, mutum ya zo da katin mimori mai gigabait 32, in zuba masa Wikipedia ta Larabci marar hotuna da ta Hausa da maƙalun lafiya, ya tafi da su ƙauye lokacin yankan riɗi. Namu fayilolin na farkon 2024 ne, sun fara tsufa, na riga na tura wa ɗan gwaggona sabon jeri, muna jiran mai tahowa daga Jidda.